DOKI YA SHIGO GIDA, TO INA ZA A SAYI KAYANSA?

 Muna roƙon dattawan da ke kula da wannan takarda tamu su ba mu ɗan fili, mu faɗi ra'ayinmu a kan wata magana wadda a ido ƙarama ce, amma tana cin dukiyar ƴan ƙungiya ba tare da an lura ba. Maganar kuwa ita ce ta kayan doki, da inda ya kamata mutum ya neme su in Allah Ya hore masa sabon doki.

Duk mai zagaya gidajen ƴan'uwa a Maraɗi da Tasawa da Damagaram da Ƙonni ya sani, da wuya ka shiga unguwar masu shanu ba ka ji haniniya ba. Wani ya sayi doki domin hawan Salla, wani domin sukuwa, wani domin rakiyar ango, wani yaransa ne suka matsa masa lamba, wani kuwa amalanke zai ɗaura masa ya riƙa kawo ruwa da harawa. Ba mu ga laifin ko ɗaya ba, doki abin gado ne a ƙasar nan. Wajen sayen dabbar ma babu mai koya mana. Mu ne masu buɗe baki mu duba haƙori, mu shafa ƙafa, mu sa a zagaya da shi mu ga tafiya, mu yi ta jan ciniki har rana ta karkata a kan jikka biyu. Amma da an sallama an biya la'ada, sai hankalin nan duk ya gudu. Sai ka ga mutum ya nufi bakin kasuwa, wurin mai tabarma guda da ya baza sirdi da linzami da igiyar roba da tunku da kwalaben magani cikin rana, ya ce, "Malam, haɗa mini kayan doki gaba ɗaya." Kafin rabin awa an gama, an ɗaure a bayan babur.

To mu dai a ganinmu wannan kuskure ne, kuma daga nan asarar dawaki da yawa ke farawa. Kayan doki ba a sayensu a tabarma ɗaya, ba a kuma sayensu rana ɗaya. Abinci yana wurin manomi, sirdi yana wurin masassaƙi da baduku, linzami da likkafa suna wurin maƙeri, magani yana wurin likitan dabbobi. Ado shi ne na ƙarshe, in kuɗi sun yi saura. Kowane ɗaya daga cikin mutanen nan kuma, wanda ya kamata ka nema shi ne wanda zai ga dokin da idonsa, wanda ka san gidansa, wanda in abu ya ɓaci za ka iya komawa ka same shi.

DOKI BA SA BA NE

Dalilin da ya sa muka ce a yi haka, mu masu shanu muna da wani ciwo, wato muna ɗaukar kowace dabba da ma'aunin saniya. Saniya tana tuƙa, cikinta ɗaki huɗu ne, tana jure abinci iri-iri. Doki kuwa tumbinsa ɗaya ne, ƙarami, ba ya tuƙa, kuma ba ya iya amai. Abin da ya shiga ya shiga ke nan, in mugu ne sai dai ya murɗa masa ciki. Sa'an nan saniya ba a sa mata ƙarfe a baki, ba a ɗaure mata itace a gadon baya mutum ya hau ya yi gudu. Saboda haka ƙwarewarmu ta kara ba ta isa ba. Hausawa suka ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. Wanda yake so kiwon doki ya karɓe shi, sai ya yarda ya zama ɗalibi, ya tambayi masu abin.

A makaranta an karantar da mu cewa doki ba shi da zakka irin ta shanu da tumaki da raƙuma, sai fa in na kasuwanci ne. Amma an kuma karantar da mu cewa ciyar da shi da shayar da shi wajibi ne a kan mai shi, kuma ba a ɗora masa abin da ba zai iya ba. Ashe kuwa sirdin da ke cin baya da linzamin da ke yanka baki ba maganar kuɗi kaɗai ba ce, akwai tambaya a kansu gobe.

ABIN DA ZAI RIGA DOKI SHIGA GIDA

Kafin ma a je kara, akwai kayan da ya kamata su riga dokin isa gida, kuma duk masu araha ne. Turke mai ƙarfi, inuwa, ragama, igiya, dabaibayi, komin abinci, abin shan ruwa, da buroshi na goge jiki. Ba sai an shiga mota an tafi birni domin waɗannan ba. Igiya da dabaibayi a neme su wurin tsofaffin masu tufka a kasuwar ƙauye, na rama ko na kaba ko na auduga. Igiyar roba ta fi daɗewa, gaskiya ne, amma in doki ya firgita ya fizge ta, ƙone fata take yi kamar wuta, musamman a wuyan ƙafa, inda miki ba ya saurin warkewa. Turke kuma a sassaƙe kansa ya yi santsi, kada a bar ƙusa ko waya ko guntun kwano a wurin da dokin ke kwanciya.

Komi kuwa masassaƙi ne ke yinsa. In rabin tano za a yi amfani da shi, to a kai wa mai walda ya lanƙwashe bakin, a kuma wanke shi sarai, a san abin da ya taɓa ɗauka. Kada wani ya raina komi. Ƙasarmu rairayi ce, dokin da ake zuba wa hatsi da dussa a ƙasa yana haɗiyar yashi kullum kaɗan-kaɗan, yashin ya taru a hanji, wata rana sai a ga doki yana birgima yana duban cikinsa, a ce sammu ne. Ba sammu ba ne, rashin komi ne. Haka nan a share leda daga wurin, don doki mai jin kaɗaici yana tauna duk abin da ya samu.

ABINCI WURIN MANOMI, DA KAKA

Mu yi lissafi irin namu na ƴan kasuwa. Doki yana cin busasshen abinci kamar kashi 2 cikin 100 na nauyinsa kowace rana. Dokinmu na nan mai nauyin kilo 300, ke nan yana bukatar kilo 6 a yini, mafi yawansa ciyawa da harawa. A shekara ya haura tan 2. Ruwa kuma lita 20 zuwa 40 a yini, ranar zafi ko ranar aiki fiye da haka. Wanda bai yi wannan lissafi ba kafin ya sayi doki, to bai gama ciniki ba tukuna.

Ina za a sayi tan 2 na abinci? Ba wurin mai talla a kan jaki cikin watan Mayu ba, lokacin da damin harawa ya rame kuɗinsa ya yi ƙiba. Wurin manomi za a saya, a gona, a watan Oktoba da Nuwamba, sa'ad da ake roron wake ana cirar gyaɗa. A lokacin ne mutum zai zaɓi harawa mai ganye, koriya, wadda ruwa bai buga ba, ya haɗa da kowar wake da busasshiyar ciyawa, ya ɗora a kan rumfa ko ya zuba a ɗaki inda raɓa da gara ba za su taɓa ba. A sa hannu cikin dami a jawo na tsakiya a sansana. In akwai warin ruma ko farin ƙura na fumfuna, a bar shi ko da kyauta ne. Sa zai iya ci ya wuce lafiya, doki kuwa tari ne da ciwon ciki.

Gero da dawa ma da kaka ake aunarsu. Dussa a saya wurin matan unguwa masu surfe ko wurin mai injin da ka sani, don ta kasuwa wani lokaci da yashi da ƙaiƙayi ake ƙara mata nauyi. Hatsi kuma ba a juye wa doki tiya guda lokaci ɗaya don ana so ya yi ƙiba kafin Salla. A raba shi safe da maraice, a fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa a hankali cikin sati biyu. Sabon doki a tambayi wanda ya sayar da shi abin da ya saba ci, a ci gaba da shi tukuna. Gishiri da ƴar kanwa wurin masu kanwa na kasuwa, waɗannan mun san su ba sai an faɗa mana ba. Gyauron dawa kuwa yadda yake kashe saniya haka yake kashe doki.

SIRDI WURIN MAI YINSA

Nan ne babbar magana take. Sirdi ba jan fata da zaren ado da ake gani a sama ba ne. Sirdi shi ne itacen da ke ciki, wanda masassaƙi ya sassaƙa, baduku ya lulluɓe da fata ya ɗinke. Itacen nan shi ne ke zama a bayan doki, shi ke ɗaukar nauyin mahayi. Bayan dawaki kuwa ba ɗaya ba ne. Na ingarma daban, na kuru daban, dokin Barno mai tsawo daban, ɗan Azbin daban, goɗiya mai ciki daban. Yadda ba ka sayen takalmi ba ka gwada ba, haka ba a sayen sirdi doki bai gwada ba.

Saboda haka mu shawararmu, a ja dokin a kai shi ƙofar mai sirdi, ko a ɗauko mai sirdi a kawo shi turke. A ɗora sirdin tsirara, babu zubka babu jalala. A duba gaba, wurin tudun kafaɗa inda geza ta ƙare, yatsu uku su shiga tsakanin ƙashi da itace. A leƙa ta baya, haske ya ratsa, wato itacen bai taɓa ƙashin gadon baya ba. A danna gaba a danna baya, kada ya yi lilo. Sa'an nan a sa zubka, a ja majayi, a hau a zagaya har doki ya yi gumi, a sauke a duba. In gumin ya jiƙa ko'ina daidai, madalla. In akwai wani ɗan wuri busasshe tsakiyar gumi, ko gashi ya murje, to nan sirdin ke cizo, nan miki zai fito. Mai yinsa zai iya rage itace ko ya ƙara cushe. Mai tabarmar bakin kasuwa fa, me zai iya? Sati mai zuwa ma yana wata kasuwar.

Kada kuma wani ya ce ai sai a ƙara zubka biyu ko uku. Takalmin da ya matse ba a gyara shi da ƙarin safa. Zubka aikinta shan gumi da tausasa zama, kuma gara a sayi biyu domin a riƙa wanke ɗaya ana shanyawa, don zubka mai busasshen gumi da yashi kamar dutsen niƙa take a bayan doki. Majayi a nemi na saƙar auduga mai faɗi wurin masaƙa ko dukawa. Na roba siriri yana yanka bayan hammata. Masu amalanke ma maganar ɗaya ce. Tsumma da tsohuwar taya da waya ba kayan ja ba ne, a je wurin baduku ya ɗinka abin ƙirji mai faɗi daidai dokin.

LINZAMI DA LIKKAFA WURIN MAƘERI

Linzaminmu na gargajiya, mai harshe a tsakiya da zoben da ke kama haɓa, abu ne mai tsanani ƙwarai. A hannun gwani taɓawa kaɗan ta isa, a hannun yaro ɗan koyo kuwa wuƙa ne. Shi ya sa bai kamata a saye shi a ido ba. Maƙeri shi zai duba faɗin bakin dokin ya ƙera daidai, ya goge kaifi, ya rage harshen in ya yi tsawo. Kafin ka sa wa doki linzami, shafa shi da yatsa ko'ina, duk inda ya karce ka zai karce shi. Bayan hawa kuma a duba gefen baki da harshe da dasashi. Dokin da ke kaɗa kai, yana buɗe baki, yana fitar da kumfa da jini, ba taurin kai ne da shi ba, ƙara yake kawowa. Duƙushin da ake horarwa da dokin da yara ke kai wa rijiya, ragama ta ishe su.

Likkafa ma a sayi ta ƙarfe ko ta tagulla wadda aka ƙera, mai faɗin da ƙafa za ta shiga ta fita ba tare da ta maƙale ba. Akwai wasu masu ƙyalli na zubin sanholo da ke yawo a kasuwa, ba nauyi, ga araha, amma suna karyewa ba sallama. Wanda likkafa ta karye masa cikin sukuwa, ko ƙafarsa ta maƙale doki ya ja shi, ba ado yake tunawa ba a gadon asibiti. Haka nan maɗaurin likkafa da kamazuru, a ja su da ƙarfi a gaban baduku, a duba ɗinki. Ƙaimi kuwa sabon mahayi ya bar shi tukuna, ba ya cikin kayan farko. Wuƙar gyaran kofato ma wurin maƙeri take, amma gara a nemi wanda ya iya yankan, ya riƙa zuwa bayan kowane sati shida zuwa takwas.

MAGANI WURIN LIKITA

Ƴan'uwa, a nan muke so a buɗe kunne. Kowannenmu yana da jakar maganin shanu a gida, kuma hannunmu ya saba da allura. To wannan jaka ita ce babbar abokiyar gabar doki. Maganin kaska mai sinadarin amitraz, wanda ake sayarwa da sunan Taktic da wasu sunaye, wanda muke wanke shanu da shi lafiya lau, guba ne ga doki, yana tsayar masa da hanji har ya kai ga mutuwa. Abincin kaji na kamfani da wasu abincin turka ana sa musu wani magani da ake kira monensin, ɗan kaɗan daga cikinsa yana lalata zuciyar doki. Takin ure da ake haɗa wa shanun turka cikin dussa ko dutsen lasa, shi ma a nesanta shi da doki. Maganin sammore da muke yi wa shanu, a jikin doki tazarar da ke tsakanin magani da guba ƴar kaɗan ce. Maganin tsutsa kuma na doki ta baki ake ba shi, gwargwadon nauyinsa, ba allurar shanu ake soka masa a wuya ba.

Saboda haka maganin doki a saye shi a ofishin elbaj ko a farmasin likitan dabbobi mai izini, bayan likita ya ga dokin. Kwalbar da ta wuni cikin rana a kasuwa, ko da ta gaskiya ce tana iya lalacewa, balle ga jabu ya yi yawa. Abin da ya kamata mai sabon doki ya ajiye a gida kaɗan ne: sabulu, maganin wanke miki, auduga, tsumma mai tsabta, da lambar wayar likita. A kuma tambaye shi maganar rigakafin ciwon sandarewa, wato tetanos, domin doki yana cikin dabbobin da wannan ciwo ya fi saurin kamawa, ƙusa ɗaya a kofato ta isa. Sa'an nan sabon doki a ware shi sati biyu ko uku, da kominsa da abin shansa, kafin ya haɗu da sauran dabbobi. Ba mu manta da murar dawaki da jakuna ta shekarar 2019 ba, wadda ta kashe dubban jakuna a ƙasar nan da maƙwabta. Tsoffin kayan doki ma ba laifi a saye su, tsohon sirdi mai kyau ya fi sabo marar kyau, amma a tambayi abin da ya raba su da dokin farko, a wanke da sabulu a shanya a rana, don ƙazuwa da ƙuraje suna bin zubka da majayi.

SA'AN NAN ADO

In duk waɗannan sun kammala, doki ya yi wata biyu ko uku a gida, gashinsa ya kwanta, bayansa lafiya, to bismilla, a nemi jalala da alkashafa da tunku da labbati da layu. Mu ma muna son ado, waye ba ya so? A nan ne tafiya ke da amfani. Dukawan Damagaram sun gaji wannan aiki tun zamanin da Sarki Tanimun ke tara dawaki a ƙarni na 19. Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, sananniya ce wajen kayan doki. Mai zuwa Maigatari ranar Alhamis, ko Jibiya da Mai'aduwa da Illela ranar Lahadi, shi ma zai iya cin karo da abin da yake so. Ado ba ya bukatar gwaji kamar sirdi, ana iya aikawa a sayo. Amma a lura da hoton waya. Yanzu yara suna turo hotunan kaya ta WhatsApp, a tura kuɗi, a sa a mota. Hoto yana nuna launi, ba ya nuna itace, ba ya nuna ɗinki.

ABIN DA WASU ZA SU CE

Mun san za a ce, "Haba Alhaji, ai alkawarin baduku sai mai haƙuri, gobe ba ta ƙarewa." Akwai gaskiya a ciki. Amma mu tambayi kanmu, yaushe muke kai aikin? Sati guda kafin Salla, mu goma a lokaci ɗaya, kowa yana so a fara da nasa. Ba a fafe gora ranar tafiya. A kai aiki wata uku kafin hawa, a ba da rabin kuɗi gaban shaida, a yanke rana, yadda muke yi a cinikin shanu.

Za a kuma ce kayan mai yi sun fi tsada. To a sa a ma'auni. Miki a gadon baya yakan ɗauki makonni kafin ya rufe, a duk kwanakin nan doki yana ci ba ya aiki, ga kuɗin magani, ga ƙuda. In ya warke ma farin gashi ke fitowa a wurin, kuma mu dillalai mun fi kowa sanin yadda mai saye ke ɗora yatsa a kan tabon nan ya rage kuɗi. Araha ba ta ado, Hausawa sun riga sun faɗa.

Samari masu sukuwa za su ce sirdin gargajiya ya yi nauyi, na Turawa suke so. Ba mu musa ba, kowane aiki da kayansa. Amma yawancin gwanjon da ke shigowa an yi su ne domin dawakin waje masu faɗin baya, a kan namu sai su sauka su zauna a kan ƙashi. Shi ma gwaji ɗaya ne, yatsu uku da duban gumi.

Wani kuma zai ce a garinsu babu mai sirdi ko ɗaya. To ga dabara. A sami waya mai ɗan kauri, a lanƙwasa ta a bayan dokin, bayan kafaɗa kaɗan, ta ɗauki siffar bayan, a zana a kan kwali a tafi da shi. A kuma yi sharaɗi da mai sayarwa gaban shaida cewa in bai zauna ba za a maido a canza. Wanda ya ƙi wannan sharaɗi, ya san abin da yake sayarwa.

RIBARMU A CIKI

Akwai wani dalili kuma wanda ya shafi aljihunmu kai tsaye. Baduku wurin majemi yake sayen fata, majemi wurin mahauci, mahauci kuwa wurinmu yake sayen dabba. Fatar jar akuyar Maraɗi duniya ta san ta, bagaruwar jima da karan dafin rini a dajinmu da gonakinmu suke. In muka bar baduku muka sayi kayan roba na waje, kanmu muka rage wa ciniki. Kuma mun ga yadda dogara da kayan nesa yake. Da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, muna samari muna bin iyayenmu kasuwa, kayan waje suka tashi dare ɗaya. Da Nijeriya ta rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, wanda ke jiran kaya daga ƙetare ya ji a jikinsa. Maƙerin unguwa da badukun bayan masallaci kuwa babu duwan tsakaninmu da su. Amma tsofaffi ne yawancinsu, kuma ƴaƴansu suna ganin sana'ar ba ta ciyarwa. In suka tafi ba magaji, ko muna da kuɗi ba za mu sami mai gyara mana sirdi ba.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiya da abu huɗu. Na farko, kowane reshe ya rubuta sunayen masu sirdi da maƙera da masu yankan kofato na yankinsa waɗanda aka yarda da aikinsu, a ajiye wurin magatakarda, duk wanda ya sayi doki a nuna masa. Na biyu, masu dawaki su haɗa kuɗi da kaka a sayi harawa da hatsi a dunƙule, a sami ɗaki a ajiye. Na uku, a gayyaci likitan dabbobi ya zo taron reshe ko sau biyu a shekara, ya bayyana wa jama'a magungunan shanun da ba a kusantar da su ga doki. Na huɗu, a nemi izinin hukumar gari a kafa wa dukawa da maƙera rumfa a gefen kara, ta yadda doki zai fito daga ciniki ya wuce gwajin sirdi kai tsaye. Dillalai kuma mu riƙa faɗa wa mai saye gaskiya. La'ada ba ta ƙare a karɓar kuɗi ba, nasiha tana cikinta.

Wanda kuɗinsa na doki ne kaɗai, babu na komi da harawa da sirdi mai kyau, to ya ƙara haƙuri zuwa baɗi, babu kunya a ciki. Wanda kuma ya riga ya saya, yau ɗin nan ya sauke zubka ya duba bayan dokinsa, ya buɗe bakinsa ya duba, ya ɗauke jakar maganin shanu daga kusa da turke. In akwai ɗan'uwan da yake ganin ba haka ba ne, fili a buɗe yake, ya rubuto mu ƙaru da juna.

Allah Ya sa albarka a turakunmu, Ya tsare mu da asara, Ya ba mu ikon sauke haƙƙin abin da Ya damƙa a hannunmu, amin.